Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Asibitoci: Kada "Lafiya Lau" Ɗin Likita Da Nas Ta Ruɗe Ku

Zuwa ga shugabannin asibitoci da hukumomin da ke sa ido a kansu, da shugabannin ƙungiyoyin likitoci da na ma'aikatan jinya.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu da muka rubuto wannan takarda likitoci ne da nas-nas da aikinmu shi ne duba lafiyar ma'aikatan asibiti su kansu. Maganarmu a kan fom ɗin nan ce da ake raba wa ma'aikata lokaci-lokaci, inda ake tambayar mutum yadda yake ganin lafiyarsa. A tattara amsoshi, a ga yawanci sun ce lafiya lau, hankalin shugabanni ya kwanta, a ɗaure fayil a jefa durowa. Roƙonmu shi ne ku ciro fayil ɗin. Tambayar tana da kyau, amma amsar da likita ko nas ke bayarwa tana da karkata, kuma galibi gefe ɗaya take karkata, wato gefen "babu komai".

Ba raina tambayar muke yi ba. Tambaya ce guda ɗaya tak: a dunƙule, yaya lafiyarka take? Sai a ba mutum zaɓi biyar, daga ingantacciya ƙwarai, zuwa mai kyau sosai, mai kyau, dama-dama, har zuwa marar kyau. A 1982 Mossey da Shapiro sun nuna a tsakanin tsofaffi a Manitoba ta ƙasar Kanada cewa amsar wannan tambaya tana hasashen wanda zai riga wani mutuwa. A 1997 Ellen Idler da Yael Benyamini suka tattara bincike 27 a kan batun, kuma a mafi yawansu abin ya tabbata, ko da an cire tasirin cututtukan da likita ya riga ya gano. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ma'aikacin lafiya ya buɗe baki ya ce lafiyarsa dama-dama ce, to ku ɗauki maganar da nauyi, don bai faɗa da wasa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen masu cewa lafiya lau.

Duk mai auna kansa da wani yake kwatantawa. Wanda ya wuni tsakanin masu wankin ƙoda da waɗanda aka ɗaura wa iskar numfashi, ciwon kan da yake kwana da shi kullum ba zai shiga lissafinsa na ciwo ba. Nas ɗin da ta juya majinyatan da ɓarin jikinsu ya shanye tun safe, kunya ma za ta ji ta ce bayanta na ciwo. Ma'aunin da suke riƙe da shi na ɗakin kwantar da marasa lafiya ne, kuma a kan wannan ma'auni duk mai tafiya da ƙafafunsa lafiyayye ne. Ga kuma tarbiyyar makaranta. Tun mutum yana ɗalibi ake nuna masa cewa jarumi shi ne wanda zai yi aikin kwana da zazzaɓi a jikinsa bai ce uffan ba. Ya kuma san cewa ranar da bai zo ba, abokin aikinsa ne zai haɗa nauyi biyu. To wanda ya shekara goma a haka, me kuke tsammanin zai zaɓa a fom?

Akwai kuma waɗanda fom ɗin ba ya kaiwa gare su sam. Wanda ciwon baya ya kora daga aikin jinya, da wadda ta yi murabus saboda ta kasa jure aikin dare, da wanda ke kwance a gida ranar da aka raba takardar, duk babu su a cikin ƙidaya. Masana lafiyar ma'aikata sun daɗe da sanin wannan: duk taron mutanen da ke bakin aiki zai fi sauran jama'a lafiya a takarda, don ciwo ya riga ya tace marasa ƙarfi ya fitar da su. Ku ƙara da cewa masu ilimi mai zurfi da albashi tsayayye sun saba ba lafiyarsu maki mai kyau fiye da waɗanda ba su da su. Saboda haka kwatanta ma'aikatanku da sauran al'umma, a ce "ai mu mun fi su", lissafin dokin rano ne.

Bari mu ɗan daɗe a kan barci, don a nan ne auna kai ya fi yin ƙarya. A 2003 Van Dongen da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun wallafa wani gwaji da aka yi a kan lafiyayyun mutane. Wasu aka ba su awa 8 a gado kowane dare, wasu 6, wasu 4, har kwana 14, ana gwada saurin hankalinsu kullum. Masu awa 6 suka dinga lalacewa sannu a hankali, har a ƙarshen mako biyu suka zama kamar mutumin da ya kwana ɗaya ko biyu bai runtsa ba. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne abin da suka ce game da kansu: sun ce sun ji barci a kwanakin farko, daga nan amsarsu ta kusan tsayawa wuri guda, alhali gwajin yana nuna suna ƙara nitsewa. Wato ƙwaƙwalwar da za ta gaya wa mutum ya gaji ita ce ta gaji. Don haka idan likitan da ya yi awa 26 a tsaye ya ce muku "garau nake", ba ƙarya ya shirga ba, haka yake ji. Hannunsa ne da idonsa ba su yarda ba.

An kuwa auna abin da ke biyo baya. A 2004, a wani asibitin koyarwa a Boston, an gano cewa sababbin likitoci masu yin aikin da ya kai awa 24 ko fiye a ɗakin kulawa ta musamman sun tafka manyan kurakurai da suka ɗara na lokacin da aka rage musu tsawon aiki da kusan kashi 36 cikin 100. A 2005 wani binciken ya nuna haɗarin mota a hanyar komawa gida bayan irin wannan dogon aiki ya ninka fiye da sau biyu. A ɓangaren jinya, binciken Ann Rogers na 2004 ya nuna yiwuwar kuskure ta kusan ninka uku idan aiki ya kai awa 12 da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasi a 2021 cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, da mutuwa ta ciwon toshewar jijiyoyin zuciya da kashi 17, idan aka kwatanta da awa 35 zuwa 40. Binciken lafiyar nas-nas da aka fara a Amurka a 1976 da mata sama da 120,000 ya danganta shekaru masu yawa na aikin dare na karɓa-karɓa da ƙaruwar ciwon suga. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ma ta sa aikin dare a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne suna jawo daji, a 2007, ta sake tabbatar da haka a 2019. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ma'aikaci zai ji a jikinsa ranar da yake cika fom.

Haka hawan jini yake. Kusan rabin manyan da ke da shi a duniya ba su san suna da shi ba, kuma farar riga ba ta fitar da kowa daga wannan lissafi. Abin da ya bambanta ma'aikacin lafiya shi ne ma'auni na kusa da shi, sai ya ɗauka ya auna. Ku dubi yadda ake awon: nas ce a tsaye a bakin tebur da ƙarfe biyun dare, ta naɗa ma'aunin a kan hannun rigarta, tana amsa tambayar ɗan jinya, fitsari ya matse ta tun ɗazu. Na'ura ta nuna 158 bisa 98. Ta ce gajiya ce, ta cire, ba ta rubuta ko'ina ba. Ko kuma ta tare wani likita a baranda, ya zana mata sunan magani a bayan wata takarda, ba tambayar tarihi, ba gwajin ƙoda, ba ranar dawowa. Ta sha na wata guda, ta ji daidai, ta ajiye. Wannan duba ta baranda ita ce babbar hanyar da ma'aikatan lafiya ke samun magani mafi rauni a cikin ginin da ya fi ko'ina kayan aiki. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Awon da za a dogara da shi yana da ƙa'ida, kuma wani ne zai yi wa mutum, ba shi da kansa ba. A zauna minti 5 a kujera mai majingina, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, an yi fitsari, ba a sha kofi ko taba ba cikin minti 30 da suka wuce. Hannu tsirara, a ɗora shi a tebur daidai da zuciya. Ɗamarar ma'aunin ta dace da kaurin damtse, don ƙarama a babban hannu tana ƙara lamba. Ba magana. A auna sau biyu, da tazarar minti ɗaya zuwa biyu. In an samu 140 bisa 90 ko sama a ranaku biyu daban-daban, hawan jini ne. Wanda awonsa ke kan iyaka, a ba shi na'ura ya je gida da ita kwana 7, ya auna sau biyu bayan ya tashi barci, sau biyu kafin ya kwanta, a watsar da na ranar farko, a ɗauki matsakaicin sauran. 135 bisa 85 a gida shi ne iyaka. Wannan na gida yana kama waɗanda jininsu ke kwanciya a gaban likita ya hau a sauran lokuta. Suga kuwa, awon da aka yi bayan awa 8 ba ci, in ya kai 7.0 a ma'aunin milimol, ko 126 a na miligiram, a maimaita don tabbatarwa. Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan jini na 'yan watannin baya, ya fi wa mai aikin dare sauƙi tunda ba ya buƙatar zama da yunwa, iyakarsa kashi 6.5 cikin 100, sai dai yana ɓata lissafi ga mai ƙarancin jini ko sikila ko wanda aka ƙara wa jini kwanan nan.

Ciwon hanta nau'in B shi ne wanda ya fi ba mu takaici, don rigakafinsa na nan. Ka tambayi ma'aikaci ko an yi masa allura, ya ce an yi. Guda nawa? Ya yi shiru. Allurar uku ce: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Mutane da yawa a ta biyu suke tsayawa. Bayan ta ukun da wata 1 zuwa 2 a ɗebi jini a auna garkuwa. In ta kai 10, ya samu kariya. In ba ta kai ba, a duba ko dama yana ɗauke da cutar, in babu a sake zagaye na biyu. Wanda bai amsa ba har bayan zagaye na biyu, a rubuta a katinsa, don duk ranar da allura ta soke shi sai an ba shi allurar garkuwa ta gaggawa. Dalilin wannan tsanani a fili yake. Idan allurar da ta taɓa jinin mai cutar ta soki wanda ba shi da rigakafi, yiwuwar kamuwa da ciwon hanta B tana tsakanin kashi 6 zuwa 30 cikin 100. Na nau'in C kusan kashi 2 ne. Na cutar HIV kusan 3 cikin 1,000. Amma HIV ɗin kowa ke tsoro, a manta da wanda ya fi saurin kamawa.

Sukar allura ma ana ɓoye ta, saboda kunya ko tsoron a ce ganganci ne. Mutum ya matse yatsa, ya goga wani abu mai zafi, ya sa sabuwar safar hannu ya ci gaba. Duk kuskure ne. A wanke da sabulu da ruwa mai gudana, ba matsa, ba bilic. In ido ko baki jinin ya fantsama, a ɗauraye da ruwa mai yawa. Maganin kariya daga HIV ana son a fara shi cikin awannin farko, ba ya wuce awa 72, a sha kwana 28. Ga tambayar da muke so kowane shugaban asibiti ya amsa wa kansa: in abin ya faru da ƙarfe ukun daren Asabar, mabuɗin kabad ɗin maganin yana hannun wa? In amsar ita ce sai mai kantin magani ya zo ranar Litinin, to an ci babban kaso na lokacin a jira. A ajiye na kwanakin farko a sashen gaggawa, inda ba a rufewa.

Bayan nas-nas ba ya buƙatar dogon bayani. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawarar kada nauyin da mutum ɗaya zai ɗaga na majinyaci ya wuce kusan kilo 16, kuma babu baligin da bai ninka haka ba. Lacca kan yadda ake durƙusawa ba ta rage nauyin mutum. Gado mai hawa da sauka, da zanen jan majinyaci, da na'urar ɗagawa, da mutum na biyu, su ne magani. Masu aiki a ɗakin tarin fuka kuma a riƙa tambayarsu tari da zazzaɓi da zufar dare da rama a kai a kai, a yi hoton ƙirji da gwajin majina da zarar an ji alama, a kuma gwada musu takunkumin N95 a fuska, don wanda iska ke shiga ta gefensa ado ne kawai.

Sai abin da ya fi wuyar faɗa. Wani nazari da aka wallafa a 2015 ya haɗa bincike 54 a kan likitoci masu neman ƙwarewa, ya samu kusan kashi 29 cikin 100 suna da ciwon damuwa ko alamominsa. Waɗannan mutane ne da suka san alamomin a ka, suna gano su a jikin wasu kullum. Abin da ke rufe musu baki tsoro ne: kada maganar ta kai kunnen shugaban sashe, kada ta shiga fayil, kada ta taɓa lasisi ko ƙarin girma. Dakta Lorna Breen, likitar sashen gaggawa a New York, ta kashe kanta a watan Afrilun 2020, kuma danginta sun bayyana cewa tana fargabar neman taimako zai lalata mata aiki. A 2022 Amurka ta yi doka da sunanta don tallafa wa lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikatan lafiya. Muna roƙon hukumomin ba da lasisi su duba fom ɗinsu. Tambayar "ka taɓa ganin likitan ƙwaƙwalwa?" ba ta kama kowa sai mai gaskiya, kuma tana koya wa sauran kada su je. Abin tambaya shi ne ko akwai abin da ke hana mutum yin aikinsa lafiya a yanzu.

A bambanta wannan da galabaitar aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a 2019 a matsayin abin da wurin aiki ke haifarwa, ba cuta ba, da alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, da jin aikin ya fita a rai har mutum ya fara ganin majinyaci kamar kaya, da jin ba a iya tsinana komai. Tunda daga wurin aiki take, a wurin aiki za a gyara ta. Tara ma'aikata a ɗakin taro bayan aikin dare a yi musu nasiha kan juriya, ƙara wa Barno dawaki ne, juriyar ce ta kai su inda suke.

To yaya za a yi tambayar ta yi amfani? A riƙe kalmominta da zaɓinta biyar yadda suke kowace shekara, don in an canza ba za a iya kwatantawa ba. A bi ta da ta biyu: idan ka kwatanta da bara, lafiyarka ta ƙaru ko ta ragu? Wannan ta fi wuyar kaucewa, don mutum da kansa yake gwada kansa, ba da majinyaci ba. Daga nan a bar tambayar ra'ayi a koma ta ƙidaya. Kwana nawa ka zo aiki cikin wata 12 alhali da majinyacinka ne za ka ba shi hutu? Yaushe wani, ba kai ba, ya auna maka jini? Kana da likitanka, wanda ba abokinka ba ne kuma ba ɗan gidanku ba? Ka rubuta wa kanka magani bana? Awa nawa ka yi barci cikin awa 24 da suka wuce? Ka taɓa gyangyaɗi kana tuƙi bayan aiki? Mai cewa lafiya lau a layin farko yakan fallasa kansa a waɗannan. In za a sa tambayoyi tara na PHQ-9, wato fom ɗin tantance ciwon damuwa, inda maki 10 ko sama ke nuna a duba mutum, ku tuna ta taran tana tambayar tunanin cutar da kai. Fom marar suna ba zai ba ku damar bin wanda ya amsa e ba, don haka a buga lambar da zai kira a jikin takardar, kuma ya zama akwai mai ɗauka.

A duba mutum nawa suka amsa kafin a yi murna da sakamako. In uku cikin goma ne suka mayar da fom, to masu sauran numfashi ne suka cika. A ba da minti goma a cikin lokacin aiki, har da na dare. A rarraba sakamakon bisa sashe da irin aiki da shekaru, don matsakaicin asibiti gaba ɗaya yana haɗiye ɗakin haihuwa da sashen gaggawa a cikin ofisoshin da ake tashi ƙarfe huɗu. Amma kada a fitar da sakamakon rukunin da bai kai mutum goma ba, in ba haka ba kowa zai gane wane ne. Fayil ɗin lafiyar ma'aikaci kuma ya zauna daban, a hannun likitan ma'aikata. Abin da shugaba ke da haƙƙin sani shi ne mutum zai iya aiki, ko zai iya da sharaɗi, ko yana buƙatar hutu. Sunan ciwon ba nasa ba ne. Sirri ɗaya in ya fita, shekara biyar ba za ku sake jin gaskiya ba. In da hali a yi yarjejeniya da wani asibitin, ma'aikatanku su je can, nasu su zo wurinku.

A 2017 Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta ƙara wani layi a rantsuwar likitoci da ake kira rantsuwar Janiba, inda likita ke alƙawarin kula da lafiyar kansa domin ya iya kula da wasu yadda ya kamata. Alƙawarin ya yi, amma jadawalin aiki a hannunku yake. Dokar Tarayyar Turai ta sa awa 11 na hutu a jere a kowace rana da matsakaicin awa 48 a mako, kuma ma'auni ne da kowa zai iya ara. Shawararmu: kada a jera dare fiye da uku ko huɗu, juyin aiki ya tafi gaba, daga safe zuwa yamma zuwa dare, a halatta rintsawar minti 20 zuwa 30 a ɗaki mai ƙofa, a kuma tanadi wanda zai maye gurbin marar lafiya tun ana tsara jadawali, don nas ɗin da ta san babu mai karɓarta za ta zo ko da rarrafe. A zamanku na gaba, muna roƙon a kawo jadawalin watan jiya a teburi, a ƙirga sau nawa aka tashi mutum da dare aka dawo da shi da safe ba tare da awa 11 a tsakani ba, a rubuta adadin kusa da adadin waɗanda suka ce lafiya lau.

Mun gode da sauraro. Allah ya ƙara girma.

Naku,
Wasu likitoci da nas-nas masu duba lafiyar ma'aikatan asibiti